An ga fararen tabo a hoton ƙwaƙwalwar Baba, me hakan ke nufi?

Autar Baba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin likitanci ku taimaka min, kwana uku ke nan wata takarda ta hana ni barci.

Mahaifina yana da shekara 71. Wajen shekara guda ke nan da tafiyarsa ta canza. Da can mutum ne mai sauri, muna yara sai mun haɗa da gudu kafin mu cim masa. Yanzu jan ƙafa yake yi, taku gajere gajere kamar ƙafar ta manne da ƙasa, in zai juya kuwa sai ya yi taku huɗu ko biyar. Ni na fara lura, don na ga bakin takalminsa ya cinye ta gaba. Sau biyu yana faɗuwa a cikin gida. Fitsari ma in ya matse shi ba ya iya jira.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne maganarsa. Bai manta sunan kowa ba, ya san ranar da ake ciki, ya san jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai in ka tambaye shi abu, zai yi shiru na ɗan lokaci kamar amsar tana can nesa sai ya je ya ɗauko ta. Mutumin da ya shekara 30 yana aikin lissafin kuɗi, wanda yake haɗa lambobi da ka kafin mu gama danna kalkuleta, yau ya ture littafinsa gefe ya ce ba ya sha'awa.

Tun yana ɗan shekara 54 aka ce yana da hawan jini. Gaskiya ba kullum yake shan maganin ba. In kansa ya yi ciwo ya sha, in ya ji sauƙi ya ajiye.

Makon jiya aka yi masa MRI, wato hoton ƙwaƙwalwa. Sakamakon da Turanci yake, yayana ya fassara mana: wai akwai fararen tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, an rubuta Fazekas 2 a gabansu, akwai tsofaffin ƙananan ramuka biyu, da ɗigon jini guda uku, kuma duka alamun cutar ƙananan jijiyoyin jini ne. Likitan da muka gani ya ce tsufa ne, ya canza masa magani, ya ce mu dawo bayan wata guda. Layi ya yi tsawo a bayanmu, ban samu bakin tambaya ba.

Rami a ƙwaƙwalwa fa? Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi ba mu sani ba? Gigin tsufa ne ya fara? Jinin nan har yanzu zuba yake yi? Sannan yayata ta ce a fara ba shi asfirin kullum don jininsa ya tsinke. In ba shi?

Likitan Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Aikina ke nan karanta irin waɗannan hotuna, kusan kullum sai na rubuta irin takardar da ke hannunki. Ban ga hotonsa ba, don haka bayanin kalmomin zan yi miki, hukunci na likitan da ke duba shi ne.

Asfirin tukuna, don shi ne na gaggawa: kada ki ba shi sai likitansa ya ce. Zan dawo kan dalili.

Manyan jijiyoyin jini suna bi ta saman ƙwaƙwalwa da ƙarƙashinta, daga jikinsu ne wasu sirara suke nutsawa ciki kamar saiwar bishiya, kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Kowace tana ciyar da ɗan yankinta, kuma ba ta da maƙwabciyar da za ta kawo ɗauki in ta gaza. Shekara da shekaru hawan jini yana dukan bangonsu, sai bangon ya yi kauri ya ƙandare, hanyar ta matse, wani wurin kuma ya yi rauni ya riƙa tsatsa. Su kansu jijiyoyin sun yi ƙanƙanta, injin MRI na asibiti ba ya ganinsu sosai. Sawun da suka bari muke gani, kuma abubuwa ukun da ke takardarki duk sawu ne na abu ɗaya.

Fararen tabo: farin sashen ƙwaƙwalwa wayoyi ne zalla, su ke kai saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan, kowace da rigarta kamar robar wayar lantarki. In jini ya yi ƙaranci a wurin, rigar ta lalace, ruwa ya taru. Akwai salon ɗaukar hoto da ake kira FLAIR, wanda yake baƙanta ruwan ƙwaƙwalwa na asali, sai wurin da ya lalace ya fito fari fat. Ba ruwan mugunya ba ne, ba kuma ciwon daji ba. Fazekas sunan likita ne ɗan ƙasar Ostiriya, Franz Fazekas, wanda ya fitar da ma'aunin a 1987. Mataki na 0 babu komai, na 1 ɗigo ɗigo a warwatse, na 2 ɗigon sun fara haɗuwa da juna, na 3 sun haɗe sun zama faffaɗan fili. Baba yana tsakiya ke nan.

Maganar "tsufa ne" tana da ƙamshin gaskiya. A wani bincike da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan, an ɗauki hoton mutum fiye da 1000 masu shekara 60 zuwa 90, kashi 5 cikin 100 ne kawai ba su da tabon ko kaɗan. Amma ni ba na son wannan kalma in ta zama ƙarshen zance. Ɗigo biyu uku a hoton dattijo mai tafiya garau tsufa ne. Mataki na 2 tare da ramuka da ɗigon jini, ga jan ƙafa, ga matsewar fitsari, ga jinkirin amsa, wannan cuta ce mai suna, mai sanadi, kuma akwai abin yi a kanta. Duba yadda alamomin da kika lissafa suka dace da hoton: wayoyin da ke kai umarni ƙafa da mafitsara suna ratsawa ne ta gefen ɗakunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, daidai inda tabon ya fi son zama. Saƙon yana isa, amma a makare. Shirun nan da yake yi kafin ya amsa, shi ne.

Ramukan kuma, ana ce musu lakun. Faɗinsu milimita 3 zuwa 15, mafi girmansu bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Wata 'yar jijiya ce ta toshe, ɗan yankin da take ciyarwa ya mutu, jiki ya share wurin, ruwa ya cika gurbin. Wani likita a Boston, Miller Fisher, shi ya bi diddiginsu a shekarun 1960, yana yanka ƙwaƙwalwar mamata sala sala har ya kai ga jijiyar da ta toshe. To amsar tambayarki ita ce e, a ma'anar likita ƙaramar shanyewa ce ta faru sau biyu, amma ta faɗa wurin da bai taɓa hannu ko baki ba, shi ya sa ba wanda ya sani. Kada ki zargi kanki. A binciken Rotterdam ɗin nan, kusan 1 cikin kowane dattijai 5 yana ɗauke da irin wannan tabo na shanyewa ba tare da ya taɓa sani ba.

Ɗigon jinin ba zuba yake yi yanzu ba. Tsohon jini ne ɗan mitsitsi da ya taɓa tsatsowa, ya bushe, ya bar ƙarfen da ke cikinsa. Salon hoton da ake kira SWI yana jin ƙarfe sosai, sai ya nuna shi baƙin ɗigo, yawanci milimita 2 zuwa 5, har ma ya fi ainihin girmansa a hoto. Abin da na fi so in sani ba yawansu ba ne, wurinsu ne. In suna can ciki, a tsakiyar ƙwaƙwalwa, aikin hawan jini ne. In kuwa duk suna sama kusa da ɓawon ƙwaƙwalwa, muna tunanin wata cuta daban, inda wani furotin mai suna amiloyid yake taruwa a bangon jijiyoyi, ita kuma haɗarin zubar jininta ya fi yawa. Ki sa yayanki ya sake duba takardar, ya gaya mana inda aka ce suke.

Yanzu kin ga dalilin asfirin. Jijiyoyin nan toshewa suke yi, kuma tsatsa suke yi. Maganin da ke hana jini daskarewa yana rage na farko ya ƙara na biyu. Ƙungiyar likitocin shanyewar jiki ta Turai ta fitar da jagora a 2021 cewa wanda aka ga alamun a hoto kawai, bai taɓa yin shanyewar da ta bayyana ba, kada a ɗora shi kan irin wannan magani saboda hoton kaɗai. Ko waɗanda shanyewar ta bayyana a jikinsu, wani gwaji mai suna SPS3 da aka wallafa a 2012, mai mutum kusan 3000, ya nuna haɗa musu asfirin da wani maganin tsinka jini mai suna kilofidogirel na dogon lokaci bai rage maimaituwa ba, sai zubar jini da mace-mace da ya ƙara. In Baba yana da ciwon zuciya ko wani dalili, lissafin yana iya canzawa, amma likita ne zai auna.

Gigin tsufa kuwa, ba zan ɓoye miki ba, haɗarin ya ƙaru. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda mujallar BMJ ta buga a 2010, ya nuna masu yawan fararen tabo haɗarin shanyewarsu ya ninka kusan sau 3, na gigin tsufa kusan sau 2. Amma hoto ba ya yanke wa mutum hukuncin gigi. Na ga masu mataki na 2 da suka shekara da yawa da hankalinsu. Gwajin tunani da ake yi da baki da takarda shi zai nuna inda Baba yake, ki roƙa a yi masa.

Kawu Mai Littafi ya rubuta:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ba likita ba ne, mai ciwon ne. Shekarata 67, an ga irin tabon nan a kaina shekara huɗu da suka wuce, bayan wani jiri da ya kayar da ni.

Halina da na mahaifinki ɗaya ne game da magani. Na ɗauka hawan jini yana sallama kafin ya shigo, in kai bai yi ciwo ba to lafiya lau. Ranar da likita ya juyo min da allon kwamfuta ya nuna min farin nan a cikin kaina, ya ce wannan aikin ranakun da ka ji lafiya ne, ranar na gane. Tun daga lokacin ban tsallake ƙwaya ɗaya ba. Ina da abin awo a gida, ina aunawa da safe da dare, in rubuta a littafi, in tafi da littafin asibiti. Na daina taba, na rage gishiri, ina tafiyar minti 30 kullum ko da ba na so. Bara aka sake hoton, aka ce bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba.

Ga abin da nake so ki ji daga bakin wanda abin yake jikinsa. In kin tambaye shi ya yi shiru, ki jira. Kada ki amsa masa, kada ki maimaita tambayar da ƙarfi kamar kurma. Amsar tana tafe, in kin katse ta sai ya koma farko, daga nan sai ya gwammace ya yi shiru gaba ɗaya. Ture littafin da ya yi ma ba fushi ba ne, ba kuma lalaci ba. Wani abu ne yake mutuwa a cikin mutum, son fara abu. In an fara masa yakan ci gaba. Ki ɗauko littafin ki zauna kusa da shi, ki ce Baba wannan lissafin ya gagare ni. Kuma ku nuna masa hoton. Mutumin lissafi ne, in ya gani da idonsa zai sha magani ba sai an roƙe shi ba.

Maman Biyu ta rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi. Likita, ka yi haƙuri in shigo da tawa. Shekarata 39, ba ni da hawan jini, ba ni da ciwon suga, amma ina fama da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, irin wanda sai na ga ƙyalƙyali a idona kafin ya sauko. An yi min MRI an ce akwai fararen ɗigo kaɗan. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki tana da shekara 51, ƙaninta ma haka. Ni ma cutar ce ke nan?

Likitan Hoto ya rubuta:

Maman Biyu, farin ɗigo a shekara 39 ba karatunsa ɗaya da na ɗan shekara 71 ba. Masu ciwon ɓarin kai da yawa suna da 'yan ɗigo ƙanana a warwatse, kuma galibi ba sa haifar da komai. A shekarunki mai karanta hoto yakan kuma duba ko cutar MS ce, wadda garkuwar jiki ke cin rigar wayoyin, amma ita tabonta yana da siffarsa: dogaye ne, suna miƙewa daga bangon ɗakunan ruwa kamar yatsu, suna taɓa gadar da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, wani lokaci har laka.

Abin da ya tsayar da ni a maganarki shi ne mahaifiya da kawu. Akwai nau'in cutar ƙananan jijiyoyi da ake gado, sunanta CADASIL. Masu bincike a Faransa ne suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, NOTCH3, a 1996. Takan fara da ciwon ɓarin kai mai ƙyalƙyali a ƙuruciya, sai ƙananan shanyewa a shekaru 40 zuwa 50 ko da babu hawan jini, kuma ɗan wanda ke da ita yana da rabin yiwuwar gadonta. A hoto tana son gaban sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin gefen goshi, wurin da tabon hawan jini bai cika zuwa ba. Ba ta da yawa, kuma shanyewa a dangi ta fi zuwa daga hawan jinin da ba a kula da shi ba, don haka kada ki ɗora wa kanki ita. Amma ki kai wa likitan jijiyoyi hoton kansa, ba takardar kaɗai ba, ki faɗa masa tarihin gidanku kamar yadda kika faɗa nan. In kina shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, ki ambata masa, don ba a son haɗa ta da irin ciwon kanki.

Autar Baba ta rubuta:

Likita, Allah ya saka da alheri. Kawu, na gode, na yi kuka da na karanta naka, don ni ce mai amsa masa tambaya kafin ya buɗe baki.

Yayana ya duba. An rubuta biyu suna talamus, ɗaya a basal gangiliya. Sannan ashe yayata ta riga ta fara ba shi asfirin kwana huɗu ban sani ba, na karɓe. Mun samo abin awo. Shekaranjiya da safe 168 bisa 94, da dare 159 bisa 90, jiya 163 bisa 92, kuma yana kan sabon maganin. Nawa ya kamata ya zama? Tabon zai goge in jinin ya sauka?

Likitan Hoto ya rubuta:

Duka wuraren biyu can ciki suke, wato sawun hawan jini ne, kuma ya dace da ramukan da tarihinsa. Wannan ya fi min daɗin ji, don sanadin abu ne da ake iya riƙewa. Ki gaya wa likitansa batun asfirin na kwana huɗun.

Lambobin nan sun yi sama. Kada ku jira wata ya cika, ku koma da su a rubuce cikin makon nan. Jagorar Turai da na ambata tana son a sauke jinin mai irin wannan tabo in lambarsa ta kai 140 bisa 90 ko fiye. A Amurka an yi wani gwaji, SPRINT MIND, sakamakonsa ya fito a 2019: waɗanda aka matsa wa lambar sama zuwa ƙasa da 120, tabonsu ya ƙaru a hankali fiye da na waɗanda aka bari a ƙasa da 140, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka samu raunin tunani idan aka kwatanta. Sai dai ba a sa masu ciwon suga ko waɗanda suka taɓa shanyewa a gwajin ba, kuma Baba mai faɗuwa ne. Don haka a sauke a hankali, cikin makonni, ba dare ɗaya ba. Ki riƙa auna shi a zaune, sannan ki sake bayan ya miƙe tsaye da minti 1 zuwa 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ya ji jiri, likita ya sani.

Ramukan ba sa cikewa. Fararen tabon ma yawanci ba sa gogewa, ko da yake an ga ya ɗan ragu a wasu mutane. Abin da ake nema shi ne kada 2 ta zama 3, kada rami na uku ya zo.

In kun koma, ki tambayi abu ɗaya da ya tsaya min a rai: girman ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwarsa. Jan ƙafa da matsewar fitsari da jinkirin tunani, su ukun nan kuma su ne alamun taruwar ruwa a ƙwaƙwalwar tsofaffi, ita kuwa wani lokaci ana yi mata aiki a samu sauƙi sosai. Mai karanta hoton yakan ambata in ya gani, amma tambaya ba ta ɓaci. A duba masa suga, kitsen jini, ƙoda, bitamin B12 da maƙoƙo, a yi awon bugun zuciya. In yana minshari mai sarƙewa da dare, ki faɗa. A haɗa shi da masu gashin ƙashi don tafiyar, ku ɗauke duk abin da zai iya harɗe shi a ɗaki, ku bar fitila a hanyar banɗaki.

Kuma kowa a gidan ya san wannan: in baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko masa nan take, asibiti kai tsaye, ko da abin ya wuce cikin minti biyar. Ku riƙe lokacin da ya fara, don allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa 4 da rabi, kuma ku tafi da takardar MRI ɗin nan a hannu. Kada a ba shi komai ta baki a hanya.

Autar Baba ta rubuta:

Mun samu ganin likita ranar Alhamis. Na rubuta tambayoyin duka a takarda don kada layi ya sake rufe min baki.

Jiya da daddare na yi yadda Kawu ya ce. Na kai masa littafin awon, na ce Baba ka fitar min da matsakaicin lambobin sama ukun nan. Ya daɗe yana kallon shafin, ni kuma na kama bakina. Can ya ce 163, ya miƙo hannu in ba shi biro ya rubuta da kansa.